Gurabe Bakwai a Sahun Masu Ganga

Da safiyar Asabar ɗin bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, Tiondra Mabry ta sa rigar badujala, ta ɓalla maɓallai har wuya, sannan ta tsaya tana kallon wata 'yar kwalbar roba da ke kan teburinta. Kwalbar ba tata ba ce. Sunan Dontrell Gaither ne a jiki, kuma kwana biyar ke nan rabon mai sunan da haɗiye ƙwaya ɗaya daga ciki. Barin ta a ɗaki ba zai yiwu ba, don abokiyar zamanta ko takardar alewa ta gani a ƙasa sai ta ɗauka ta karanta. Sai ta tura ta cikin aljihun ƙirji, ta ɗauki farantanta biyu na tagulla da take kiɗa da su, ta fita. A ranta ta ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai ta mayar masa da abinsa.

Tiondra 'yar aji uku ce, shekara uku tana gwara faranti a bayan masu ganga. Tana kuma cikin ɗalibai goma sha biyu da nas ɗin makaranta ta horar don su riƙa yi wa 'yan'uwansu bayanin ƙwayar rigakafin ƙanjamau. Abin a baki ba wuya. A gwada jininka, in ba ka da cutar ka riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum, duk wata uku ka koma a sake dubawa. Amma je ka faɗa wa ɗan shekara goma sha tara da ya tashi a hannun kakar da ke cewa likita ba ya ba baƙin mutum abu kyauta sai da wata a ƙasa. Kuma kakar ba ƙarya ta yi ba, ta ga abin da ta gani. A nan jihar Alabama ta Amurka, inda likitoci suka taɓa yin gwaji da jikin baƙaƙen fata suka hana su magani, ba sai an yi wa kowa dogon tarihi ba.

Da farko tebur suka kafa a bakin ɗakin cin abinci ranar Laraba, ranar soyayyar kaza, da yake ranar ce kowa ke cin ado ya fito, har wanda aji bai ga ƙeyarsa ba tun Litinin. Suka shimfiɗa ƙyalle, suka jera takardu, suka zuba alewa a kwano. Sai layin kaza ya karkace da kansa ya bar musu fili. Mutum na hango teburin daga nesa zai tuna ana kiransa a waya. Alewar ma ba a taɓa ba, kuma duk wanda ya san ɗaliban kwalejin nan ya san ba ƙaramin abu ne ke sa su wuce alewar kyauta ba. Ranar Tiondra ta gane cewa ba maganin ake tsoro ba, a gan ka kusa da shi ake tsoro.

Daga nan ta daina tebur. Ta koma yin maganarta a cikin bas in za su wasa wani gari, ko a ɗakin kaya in ana goge fararen takalma, inda kowa kansa ke ƙasa ba mai kallon idon wani. A can Dontrell ya same ta a watan Satumba. Shi ƙaguwa ne, wato ɗan shekarar farko a badujala, waɗanda ba su da suna ba su da baki sai ɗaukar kaya. Siririn saurayi ne daga Mississippi, ɗan fasto, in ana hira ba ka jin muryarsa. Amma in ya ɗora sanduna a kan ƙaramar ganga, manyan ma sukan yi kamar suna gyara igiya don su saurara.

Yana goge takalmi bai ɗago ba ya ce, “Yaya Tiondra, wannan ƙwayar taku, sai mutum ya faɗi dalili ake ba shi?”

“Ba dai ni ba,” in ji ta. “Ni ko sunan wanda kake fita da shi ba na son ji. Kunnena ya cika da na wasu.”

Ya yi 'yar dariya. Washegari ta raka shi asibitin makaranta ta ƙofar baya, aka gwada shi, lafiyarsa ƙalau, aka ba shi kwalba. Shi ne mutum na farko da ta kai da ƙafarta, kuma ta yi alfahari da shi har ta sayi askirim ita kaɗai ta shanye.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne zazzage. A makon biki, shugaban masu ganga kan jera ƙaguwa ya sa su juye jakunkunansu a ƙasa, a ga ko safar hannu da man takalmi da sandunan ajiya sun cika. Haka aka yi wa kowa, haka kowa ke ɗokin yi wa na bayansa. Shugaban bana Marquell Broadnax ne, ƙato mai son a yi dariya in ya yi magana. Ranar Litinin da la'asar Dontrell ya juye tasa, kwalba ta gangaro ta tsaya a gaban takalmin Marquell.

“Kai ƙaguwa, wannan fa? Ciwon kai ne ko ciwon so?”

Aka bushe da dariya. Marquell ya ɗauka, ya gwada karanta sunan maganin harshensa ya harɗe, sai ya ciro waya ya rubuta. Dariyar ta mutu a fuskarsa. Abin da waya ta fara nuna masa sunan cutar ne, don maganin yana cikin waɗanda masu ita ma ke sha, kuma bai tsaya ya kai layi na biyu ba. Ya ajiye kwalbar a ƙasa a hankali, ya goge hannu a wando.

Tiondra tana sahun baya, ta ga komai. Ta ce, “Marquell, rigakafi ne wannan, ba…”

“An tambaye ki? Ana sahu.”

A badujala in aka ce ana sahu, ko kunama ta harbe ka sai an sallama za ka ce wayyo. Shekara uku ana dasa mata wannan a ƙashi. Bakinta ya rufe da kansa, kuma wannan rufewar ce ta hana ta barci mai daɗi har Asabar.

Ba wanda ya zagi Dontrell. Da ma zagin aka yi, da an san inda za a kama. Gorar ruwan da ke yawo hannu zuwa hannu ce ta riƙa tsallake shi. Wanda ya ari sandunansa jiya, yau ya ce a bar shi zai nemo nasa. Da aka tashi ya tare ta a matakalar laburare, ya danƙa mata kwalbar.

“Ungo kayanki.”

“Haba Dontrell, ai ka san ba ka da komai. Da ni aka yi gwajin.”

“Ni na sani, ke kin sani. Je ki faɗa wa mutum talatin. Akwai 'yan garinmu uku a makarantar nan, Yaya. Kafin wa'azin Lahadi babana ya ji.”

“To ka daina abin da ya sa ka nemi maganin?”

Ya kau da kai yana kallon bishiya. Amsar ke nan, kuma ita ce ta fi tsorata ta. Tun daga ranar duk inda ya hango ta sai ya canza hanya.

A filin bayan coci suka taru da ƙarfe takwas, raɓa ba ta gama bushewa ba. Hayaƙin gashin haƙarƙari ya fara tasowa daga rumfunan da tsofaffin ɗalibai suka kafa tun jiya, yana shiga hancin mutanen da ba su karya ba. 'Yan badujala sun haura ɗari biyu. A gabansu kuma ga tsofaffin masu ganga sun dawo kamar kowace shekara, da tumbi da furfura da gwiwa ɗaure da bandeji, kowa ya cusa kansa a rigar da aka ɗinka masa yana ɗan ashirin.

“Kawu, maɓallin nan naka yana neman ceto!” in ji wani daga cikin masu busa.

“Ka bari ya tsinke ya same ka a ido, ɗan nema,” in ji tsohon. “Lokacin da ƙuguna yake inci talatin, ubanka bai iya ɗaura takalmi ba.”

Tiondra ba ta yi dariya ba, tana neman Dontrell da ido. Yana can tsakiyar ƙananan ganguna, hula ta rufe masa gira. Kafin ta matsa aka busa usur, kowa ya ruga wurinsa.

Mai jan tsofaffin shi ne Cleophus Tolliver, ɗan ajin da ya gama a 1989, wanda kowa ke kira Kawu Cleo. Gajere ne, gemunsa fari tas, ya yi ritaya daga raba wasiƙu a Birmingham. Tiondra ta taɓa tsayawa kusa da shi yana kiɗa, ta zuba ido ta ga sandunan, ba ta gan su ba, sai wata inuwa a saman fatar ganga da sauti mai zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Tun ranar in ya wuce ta gabanta sai ta ji ta miƙe ba tare da an ce ta miƙe ba.

Sahunsa na mutum goma sha biyu ne, amma mutum biyar ke tsayawa a ciki. Sauran bakwai gurabe ne, an bar kowanne daidai faɗin mutum. In aka ce a daidaita sahu, kowa kan miƙa hannun dama ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Tsofaffin nan su ma sai su miƙa, hannu ya tsaya a iska daidai tsayin kafaɗa, wani sama kaɗan, wani ƙasa kaɗan, don sun tuna tsayin kowa. Bayan haka sai takun shiru. Taku talatin da biyu a wuri ɗaya, gwiwa ta tashi, ƙafa ta sauka a kan yatsu, ba ganga, ba busa, ba tari. Wanda ya yi ƙara zai zagaye filin ƙwallo sau goma da kayansa, kuma sunansa ya ɓaci har ya gama makaranta. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya kashe bakwai ɗin. An dai gaji labari cewa bas ce ta kife da su a hanyar Memphis, kuma ita kanta Tiondra ta ba ƙaguwar bara labarin har da ruwan sama da ta ƙara.

Kawu Cleo ya ɗaga sanda, ya sauke. Gwiwa ɗari huɗu suka fara tashi. Shirun ya yi nauyi har ana jin tutar coci tana kaɗawa.

Cak.

Tiondra ta ji shi a ƙirjinta kafin kunnenta ya ji. Kwalbar rabi ce, ƙwayoyin sun sami filin tsalle. Ta ɗaga gwiwar hagu, cak. Ta ɗaga ta dama, cak. Ta so ta danne aljihun da hannu, amma kowane hannu yana riƙe da faranti, kuma in suka haɗu ƙarar da za su yi har gidan shugaban makaranta sai an ji. Ta rage ɗaga ƙafa, ƙarar ba ta ragu ba. Zufa ta karyo mata ta cikin hula. Ta ga ƙeyar Marquell ta motsa, ta ga kafaɗun Dontrell sun sandare, don shi ya san abin da ke kuka.

A taku na ashirin Kawu Cleo ya ɗaga sanda. Aka tsaya cak. Shekara talatin ana takun nan, ba a taɓa yanke shi a tsakiya ba.

Ya juyo, gangarsa na rataye a gabansa, ya ratso sahu yana tafiya a hankali. “Wa ya zo mana da kantin magani a jikinsa?”

Kowa ya kafe ido a ƙeyar na gabansa.

“Ba wasa nake yi ba. Kunnen nan shekara arba'in yana rarrabe ganga da ganga. Ƙwaya na ji a cikin roba, kuma daga bayan masu ganga ta fito.”

“Ni ce, yallaɓai,” in ji Tiondra.

“Fito nan, 'yata.”

Ta ajiye farantan a kan ciyawa ɗaya nesa da ɗaya, ta fito gaban kowa. Ta ciro kwalbar, amma ta ɗora babban yatsanta a kan sunan, ta danne shi sosai. Abin da nas ta fara koya musu ke nan, cewa sirrin mutum ko wuƙa aka sa maka ba naka ba ne. Tsohon ya kalli yatsan, ya kalle ta. Ya ciro tabarau daga aljihu.

“Bar yatsanki inda yake. Juyo min da sunan maganin kawai.” Ya sunkuya ya karanta, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda karatun ke buƙata. “Taki ce?”

“A hannuna take, yallaɓai.”

“Na ji amsa. To faɗa musu mece ce.”

“Ana sahu, yallaɓai.”

“Da ni aka fara shirun nan, ni kuma na ɗage shi. Ɗaga murya, masu manyan ƙahonin can baya su ji.”

Ta faɗa. Maganar da ta tsara don tebur ba wanda ya tsaya ya ji, ita ce ta fito a gaban mutum ɗari biyu da ba su da ikon juya baya. Ta ce rigakafi ne. Ta ce ba a ba mutum sai an gwada an ga ba ya ɗauke da cutar. Ta ce ƙwaya ɗaya ce a rana, wanda ba ya son ƙwaya akwai allura, kuma ba ruwanta da wanda mutum ke so, mace ko namiji kowa na sha. Da ta fara da ƙyar ake jin muryarta, da ta gama har gini ke dawo mata da ita.

Marquell bai iya haƙuri ba. “Amma Kawu, ni da idona na gani a waya, maganin masu cutar ne.”

“Kai ne shugaban gangunan bana ko? Matso. Bara bayan fareti, gorar wa ka ɗaga ka shanye ba ka rage min ko na kurkure baki ba?”

“Taka ce, Kawu.”

“Bara waccan fa?”

“Taka.”

“Ka mutu?”

Wasu suka fara dariya, sai suka ga fuskar tsohon ba dariya. Ya sa hannu a aljihun wando ya ciro wani ɗan akwatin roba mai gida bakwai, irin wanda tsofaffi ke jera maganin mako a ciki. Ya ɗaga shi sama.

“Ga na masu cutar nan. Nawa ne. Shekara talatin da huɗu ina ɗauke da ita.”

Tiondra ta zuba wa akwatin ido. Ta karanta a takardun nas cewa mutum na iya tsufa da cutar in yana shan magani, ta ma faɗa wa wasu haka da bakinta. Amma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa tsufan zai zo da farin gemu da tabarau, ya tsaya a gabanta da ganga a ƙugu, kuma ya zama mutumin da ta fi ganin girmansa a duk faɗin filin ba.

Kawu Cleo ya koma sahunsa, amma bai shiga wurinsa ba. Ya tsaya a gaban gurbi na farko, ya nuna ciyawa da sanda.

“Vernell. Shi ya koya min riƙe sanda. An gaya wa mahaifiyarsa ciwon huhu ne.” Ya matsa. “Alphonso, mai satar min safa. An ce ciwon daji.” Ya matsa. “Wendell. Shi ba a ce komai ba, an rufe akwati an hana buɗewa.” Haka ya bi su, Purvis, Otis Ray, Lamont, da wani da suke kira Ƙaramin Lucius don bai kai gangarsa faɗi ba. “Na ji kuna cewa bas ce. Ba wata bas. Cikin shekara huɗu suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kai talatin.”

Wani ƙaton tsoho mai babbar ganga, hawaye na bin gemunsa bai share ba, ya ce, “Faɗa musu sauran, Cleo. Mun tsufa da ɓoyo.”

“Sauran shi ne takun nan da kuke yi kamar ibada. Shekarar da muka fara shi, malamin badujala ne ya ce mu fito gaba mu kira sunayensu, mu faɗi abin da ya ɗauke su, ko na baya sa kiyaye. Muka fito. Bakinmu ya ƙi buɗuwa. Ni da takardar gwajina a aljihu, ga uwayenmu a zaune suna kallo. Muka yi ta taka ƙasa kamar wawaye har aka gaji aka busa usur. Da aka tambaye mu, sai muka ce girmamawa ce. Tsoro ne, 'ya'yana. Tsoronmu muka bar muku, ku kuma kuka sa masa doka har da zagaye fili.”

Ya dawo wurin Tiondra. Bai karɓi kwalbar ba, sai ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin nata kamar mai gudun kada ta faɗi.

“Ranar da na ji a rediyo an fito da wannan, ina cikin motar wasiƙu. Na tsaya a gefen titi na yi kuka har wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya ko uwata ce ta rasu. Ƙwaya ɗaya a rana. Da an nuna wa Vernell ita, da ya yi rarrafe daga nan har Montgomery ya karɓo. Yau ga ta a ƙofar bayan makarantarku, kuma wai kunya ce a gan ka da ita.”

Tiondra ta kalli abin da ke hannunta. Kwana biyar tana ɗauke da shi a matsayin kayan rigima, tana canza masa maɓoya. Yanzu sai mamaki ya kama ta, cewa abin da ya fi ƙarfin samari bakwai, ya rufe bakin biyar shekara talatin, ga maganin tare shi nan a cikin robar da ba ta kai tsawon yatsanta ba.

“Za mu sake daga farko,” in ji Kawu Cleo da ƙarfi. “Taku talatin da biyu. Amma ni na gaji da shiru.” Ya girgiza akwatinsa, cak, cak. “Ke 'yata, ki daidaita mana taku da ƙarar wannan, tunda mai ita bai zo ba.”

“Ya zo, yallaɓai.”

Kowa ya waiwaya, har waɗanda doka ta hana. Dontrell ne ya fito daga sahu, ƙaguwa, ba wanda ya kira shi, gangarsa na bugun cinyarsa. Ya zo ya tsaya a gaban Tiondra, ya cire safar hannu da haƙori, ya miƙa tafi. Ta ɗauke yatsanta daga kan sunan, ta ɗora masa.

“Tawa ce,” ya ce, ba tsohon yake kallo ba, sahun masu ganga yake kallo. “Ba ni da cutar. Kuma ba na so in same ta. Wanda zai kira Mississippi ya kira.”

Marquell ya sunkuyar da kai yana kallon hannun da ya goge a wando.

“Kai ne siririn da ake ba ni labarin hannunsa?” in ji Kawu Cleo. “To, mu ji ko kana iya daidaita taku da abin da ba ganga ba.”

Dontrell ya ɗauka an gayyace shi ne ya tsaya da manya. Ya nufi sahun tsofaffi, ya doshi gurbin farko, ƙafarsa ɗaya har ta taɓa wurin. Sai sanda ta gitta a ƙirjinsa.

“Ina za ka?”

“Na ɗauka cewa ka yi in…”

“Nan ba wurinka ba ne, ɗana. Na Vernell ne, kuma ba na son kowa ya ƙara shigowa layin nan. Koma sahunka. Ka tsaya a can ka yi tumbi, ka yi furfura, rigarka ta ƙi ɓalluwa, yaran da ba a haifa ba su zo su yi maka tsiya. Iyakar abin da nake nema a wurinka ke nan.”

Dontrell ya juya. Da ya zo wucewa ta gefenta, Tiondra ta ce ƙasa-ƙasa, “Kwana biyar ka yi fashi. Litinin da safe za mu wurin nas ta duba ka tukuna.”

“Ta ƙofar gaba, Yaya,” in ji shi.

Ta ɗauki farantanta ta koma wurinta. Sanda ta tashi ta sauka, gwiwoyi suka fara. Cak daga gaba, cak daga tsakiyar ganguna, tsoho da saurayi suna ba juna amsa. A taku na tara wata ƙarar ƙwayoyi ta uku ta shigo daga wajen 'yan mata masu sarewa. A na sha biyar wata ta taso daga can baya cikin manyan ƙahoni, mai ita ya makara da rabin taku sannan ya kamo. Tiondra ba ta waiwaya ta ga ko su wane ne ba, ba aikinta ba ne.

Da taku talatin da biyu suka cika, aka yi kiran a daidaita sahu kafin a fita fareti. Ta ga hannun Marquell ya tashi, ya ɗan tsaya, sannan ya sauka a kafaɗar Dontrell ya zauna daram. Ita ma ta haɗa farantanta a hagu ta miƙa dama, ta sami kafaɗa mai ɗumi, kuma wani hannu ya sauka a tata. Ta bi sahunsu da ido har ƙarshe, ba gurbi ko ɗaya. A can gaba, tsofaffi biyar sun miƙa nasu hannuwan, kowanne ya tsaya a iska daidai tsayin mutumin da ya tuna.